Jijiyar Ƙafa Ta Kumbura: Kada A Jira Gyambo

'Yan'uwa manoma, a yawonmu na ƙungiyoyi daga Birnin Tsaba zuwa Zurmi, Shinkafi da Kaura Namoda, mun sha ganin ƙafafun da jijiyoyinsu suka tashi, suka murɗe kamar igiya. Da yawa sukan ce gajiya ce kawai.

Ga abin da ke faruwa. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan ƙofofi a ciki, kamar bawul na famfon ban ruwa. Jini ya wuce sama, ƙofa ta rufe. In ƙofofin sun lalace, sai jini ya riƙa komowa ƙasa, ya taru, jijiya ta buɗe. Gado, yawan tsayuwa, ƙiba da ɗaukar ciki sukan jawo wannan.

Da fari ƙafa takan yi nauyi da yamma. Daga baya fata ta yi baƙi, ta yi ƙaiƙayi a saman idon sawu. Ƙarshenta gyambo, wanda kan hana mutum noman damina ɗungum.

Kada a bari wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar. In ta fashe, a kwanta, a ɗaga ƙafa sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a tafi asibiti.

Akwai magani. Likita yakan fara duba jijiyoyin da na'urar hoto, ya tabbata na can ciki suna aiki. Sa'an nan ya ɗaure babbar jijiyar a matsematsi, ya zare ta da waya, dabarar da wani likitan Amurka, Babcock, ya fito da ita a 1907. Yanzu kuma ana iya toshe ta daga ciki da zafi, ba tare da babbar fiɗa ba. Jini sai ya bi jijiyoyin ciki. Wani lokaci kumburin yakan dawo bayan shekaru. Mai ciki ta jira tukuna, gama sau da yawa yakan ragu bayan haihuwa.

A fara zuwa babban asibitin Kaura Namoda. In da bukata, a nemi takardar zuwa Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce, in likita ya yarda, a shirya aikin bayan kaka, a taimaki ɗan'uwa daga asusu. Kuɗin mota yau ya fi sauƙi da gonar da ta kwana ba shuka.

Allah ya ƙara mana lafiya.