Gida Mai Sanyi Ba Sai Mai Kuɗi Ba

Idan bazara ta yi, da yawa daga cikinmu ba ma iya barci a ɗakunan da muka kashe kuɗi muka gina. Bulon siminti ba shi da kauri, kwano kuma yana ɗaukar zafin rana ya juye mana a ka. Daga nan sai kuɗin wuta da man janareta su cinye abin cefane.

Kakanninmu sun san maganin wannan. Bangon ƙasa mai kauri yakan sha zafi a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Shi ya sa ɗakin soro yake da sanyi da tsakar rana.

Wani masanin gini ɗan Burkina Faso, Francis Kéré, ya nuna cewa da tsohuwar zuma ake magani. A 2001 ya gama ginin makarantar firamare a ƙauyensu, Gando, da bulon ƙasa wanda aka sa wa siminti kaɗan. Ya yi silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama da shi, domin iska ta bi tsakani ta kwashe zafi. Mutanen ƙauyen ne suka yi aikin. A 2022 ya sami lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masanan gini.

Mai shirin gini, ga abin da za ka kula da shi. Dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, gama ranar safe da ta yamma ita ce ke dukan bango. Tagogi su dubi juna don iska ta ratsa. Kada ka yi rufin kwano ba silin, ko na tabarma ne. Ka dasa itace wajen yamma.

Abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne. Ka yi tushe da dutse, ya ɗaga sama da ƙasa. Bakin kwano ya zarce bango sosai, musamman ta gabas inda hadari yake fitowa. A duba yaɓe kowace shekara kafin damina.

Ku zauna da uwargida da magini ku yi lissafi tun ba a haƙa tushe ba. Ɗaki biyu da aka gama sun fi shida da suka tsaya a linta.