DOKAR HANA YAƊUWAR ANNOBA: DAGA BAKIN IYAKA ZUWA RUGAGEN PAIKON KORE

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bar garin Gwagwalada ya kama hanyar da ta nufi Dobi, ba zai yi wata tafiya mai nisa ba zai iso Paikon Kore. Gari ne na manoman doya da masara da dawa da rogo, a gefensa kuma ga hurumin kiwo wanda hukuma ta keɓe wa makiyaya, ɗaya daga cikin huɗu da ke Yankin Babban Birnin Tarayya. Sauran ukun su ne na Karshi da Kawu da Rubochi. A cikin 2021 kamfanin Nestlé ya buɗe wurin tara madara da sanyaya ta a wannan hurumi, watau nonon da a da iyakarsa ƙwaryar talla ya sami hanyar zuwa masana'anta.

Babu filin jirgin sama a Paikon Kore, babu tashar jirgin ruwa, kuma garin bai yi iyaka da wata ƙasa ba. Saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan gari da dokokin da suka hana shigo da ƙwari da tsirrai da cututtuka cikin Nijeriya? Amsa ita ce, a ofis ake rubuta doka, a bakin iyaka ake tsayar da ma'aikata, amma a ruga da gona da kara ne ake sanin ko dokar ta yi aiki ko ba ta yi ba.

ABIN DA DOKA TA HANA

Tun zamanin mulkin Turawa ƙasar nan take da dokar cututtukan dabbobi. Gwamnatin soja ta sabunta ta da Doka ta 10 ta 1988, sa'an nan a cikin 2022 aka sa hannu a kan wata sabuwa wadda ta maye gurbinta. Ta fannin tsirrai kuwa, akwai dokar 1959 wadda ta tsara yadda za a shigo da iri da dashe da sauran kayan gona. Aikin tsaron ƙofa yana hannun Hukumar Killace Kayan Gona ta Nijeriya, watau NAQS, wadda aka haɗa sassanta wuri guda a 2007, dokar kafa ta kuma ta sami sa hannun Shugaban Ƙasa a 2018. Tana duba dabbobi da tsirrai da kayan ruwa a filayen jiragen sama, da tashoshin jiragen ruwa, da iyakokin ƙasa irin su Jibiya da Illela da Maigatari.

Jigon waɗannan dokoki ba mai wuyar ganewa ba ne. Ba a shigo da dabba ko iri ko dashe sai da takardar izni da kuma shaidar lafiya daga ƙasar da aka ɗauko su. Abin da aka yi shakkarsa akan tsare shi a killace har a tabbatar, kuma akwai tashar yin haka domin tsirrai a Ibadan. Wanda aka samu da cuta akan ƙone shi ko a mai da shi inda ya fito. A cikin gida kuma, doka ta jera waɗansu cututtuka da sunayensu, ta ɗora wa mai dabba nauyi uku: idan ya ga alamar ɗayansu ya ware marar lafiyar daga garke, ya sanar da likitan dabbobi ko hukuma mafi kusa, kada kuma ya kora dabbobin zuwa wani wuri sai da izni. Cikin jerin akwai bushiya, da ciwon huhu, da boru, da ciwon saifa, da harbin daji, da haukan kare, da murar tsuntsaye.

DARASIN BUSHIYA

Dattawan Fulani ba sa bukatar a gaya musu dalilin wannan doka, domin sun gaji labarin bushiya daga iyaye da kakanni. Cutar ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Massawa da ke gaɓar Bahar Maliya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo domin abincinsu. Cikin 'yan shekaru ta ratsa Sudan ta iso Tafkin Chadi da ƙasar Hausa, kuma a wurare da yawa ta kashe takwas ko tara cikin kowaɗanne shanu goma. Mutanen da suka kwana da garke suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Jirgin ruwa ne ya sauke 'yan shanu a wata tasha mai nisa, amma rugagen ƙasar nan ne suka ɗauki hasarar.

Yaƙi da bushiya ne ya sa aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom a 1924. Bayan samun mulkin kai aka yi taro a Kano a 1961, inda aka shirya gangamin allura na haɗin guiwa, wanda aka soma a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Malaman dabbobi suka bi ruga ruga suna yin allura, suna huda kunnen duk saniyar da aka yi wa domin shaida. Ba a sami haɗin kai nan take ba, saboda makiyayi ya saba ganin duk wanda ya zo ƙirga shanu mai karɓar jangali ne, amma da aka ga amfanin allurar sai aka riƙa kawo garkuna da kai.

Da cutar ta lafa sai aka saki jiki, aka daina bin maruƙan da aka haifa daga baya. Ai kuwa a 1983 bushiya ta dawo da ƙarfinta, ta hallaka dubban ɗaruruwan shanu a Arewa, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta hasarar Nijeriya a kan dala miliyan dubu biyu. Sai da aka sake wani gangami na Afirka baki ɗaya daga 1986 kafin a shawo kanta. A Kenya aka ga ta ƙarshe a 2001, a 2011 kuma aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa. Ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya ga bayanta, bayan agana.

ANNOBA A MAƘWABTA

Kada a ɗauka wannan labarin da ne kawai. A watan Yuni na 2023, ana gab da Babbar Sallah, Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi cewa ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Ghana da yankunan da ke kusa, ta kuma shawarci jama'a su yi hattara da ganda da naman daji. Ba a fi wata guda ba sai ga shi a wata gonar shanu da tumaki da awaki a Gajiri, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Suleja ta Jihar Neja. An ga jini yana fita ta hanci da ido da kunne da duburar dabbobin, aka kai samfur Vom, aka tabbatar. Suleja kuwa maƙwabciyar Yankin Babban Birnin Tarayya ce, kuma dabbobin ɓangarorin biyu a kasuwanni ɗaya suke haɗuwa.

Abin da ya sa ciwon saifa ya zama abin tsoro shi ne, ƙwayarsa takan yi shekaru da yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Idan aka feɗe dabbar da ya kashe, jinin ya zuba, to an shuka cutar a wannan wuri ke nan, kuma duk garken da ya yi kiwo a can nan gaba yana cikin haɗari. Yana kama mutum ta fata, ko ta cin naman, ko ta shaƙar ƙurarsa, shi ya sa mahauta da majema da makiyaya suka fi kowa shiga hatsari. Hukuncinsa shi ne kada a feɗe, kada a ja gawar, a ƙone ta ko a binne ta cikin rami mai zurfi a ƙarƙashin kulawar likita.

To a nan ne doka takan ci karo da al'ada. Mai saniya idan ya ga ta kwanta, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne wuƙa, don kada ta zama mushe ya yi hasara biyu. Idan kuma ya ga tari ya soma yawa a garke, sai ya ware waɗanda suke iya tafiya ya kai kara, dillali ya sayar da rahusa, wani ya saya yana murna ya sami araha. Ciwon huhu kuwa yana da makirci: saniyar da ta yi kamar ta warke takan ci gaba da ɗauke da cutar a huhunta, tana shaƙa wa sauran a mashaya da makwanci. A hurumi irin na Paikon Kore, inda garkuna da yawa suke shan ruwa a wuri guda, ga kuma baƙin shanu masu wucewa da rani, wake ɗaya ya isa ya ɓata gari. Tun da kuma ana tara madara wuri guda, tarin fuka na shanu da ciwon ɓari, waɗanda ke kama mutum ta ɗanyen nono, sun zama al'amarin kowa.

GONA MA BA TA TSIRA BA

Manomin da ke maƙwabtaka da makiyayi yana da nasa baƙin. Tsutsar tumatir da manoman Kano suka laƙaba wa suna sharon, asalinta Kudancin Amurka ne. Ta isa Sifen a 2006, ta bi ta Arewacin Afirka, ta iso Nijeriya a 2015. A 2016 ta cinye gonakin Kadawa da na Jihar Kaduna, har gwamnatin jihar ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando kuma ya gagari talaka. A wannan shekarar ce aka fara ganin tsutsar masara mai shiga cikin kunnen shuka, ita ma daga nahiyar Amurka, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen Afirka na farko da aka same ta. Yanzu ta zama 'yar gida, manomin masara yana kashe kuɗin feshi kowace damina a kan abin da mahaifinsa bai taɓa sani ba.

Akwai ƙwarin da iska ke kawowa, waɗanda babu ma'aikacin da zai tare su. Amma da yawa ɗan Adam ne ke yi musu dako, cikin kwando da buhu da jakar tafiya. Matafiyin da ya ga wani iri mai kyau a ƙasar waje ya ƙulle shi cikin kaya, ko ya tumɓuko dashe da ƙasarsa, yana ganin tsaraba ya kawo, alhali kuwa ba ya ganin ƙwan da ke manne a ganye. Wannan ne dalilin da ya sa ake tambayarsa takarda a filin jirgi.

ME KE HANA A FAƊA?

Makiyayi ba wawa ba ne, lissafi yake yi. Idan ya kai rahoto, za a iya tsare garkensa, a hana shi kasuwa, watakila a kashe waɗansu. Idan ya yi shiru ya sayar, ya tsira da wani abu. Muddin shiru ya fi magana riba, to shiru za a yi, komai tsananin hukuncin da aka rubuta.

An ga haka a lokacin murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, kafin ta bazu Kano da Filato da sauran jihohi. Gwamnati ta yanke diyyar Naira 250 a kan kowace kazar da aka kashe. Masu kaji da yawa suka ga kuɗin bai kai farashin kasuwa ba, waɗansu suka yi gaggawar sayarwa kafin ma'aikata su iso, cutar kuwa ta bi kajin. Daga baya sai da aka gyara tsarin diyyar. Ta sake ɓulla a Kano da Legas a farkon 2015.

ABIN DA YA KAMATA

Tun 1998 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince cewa duk garken da zai ƙetare iyaka ya riƙe takardar da ke nuna yawansa, da allurar da aka yi masa, da hanyar da zai bi. Sai dai iyakar Nijeriya da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, burtali kuwa ba ya bi ta gaban ofis. Saboda haka tsaro na gaskiya yana wurin da shanun za su sauka.

A nan Paikon Kore ya fi wurare da yawa sa'a. Makiyayansa suna zaune wuri guda, an san ardonsu, akwai Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Abuja a yankin, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin kiwo. Abin da ya rage shi ne a mai da wannan kusanci ya zama aiki: allurar huhu da ta saifa kowace shekara ba tare da fashi ba, wurin ware baƙuwar dabba na 'yan makonni kafin ta shiga garke, malamin dabbobi a kara ranar kasuwa da kuma a mayanka, da diyya mai ma'ana wadda za ta iso hannun mai ita a kan lokaci. Lalle ne kuma a fassara jerin cututtukan da doka ta ambata zuwa Hausa da Fulfulde da Gwari, a karanta a rediyo da masallatai da majami'u, domin ba a kama mutum da laifin ƙin faɗar abin da ba a taɓa gaya masa ba.

Ga mai dabba kuwa, in saniya ta faɗi farat ɗaya, ko ya ga jini ta kafofin jikinta, ya mai da wuƙa kube, ya kawar da yara da karnuka, ya aika wa ardo da malamin dabbobi. Saniya ɗaya ce za ta tafi. Kakanninsa da suka ga bushiya garke duka suka rasa. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da lafiyarmu, amin.