Labarin Masu Cin Taimakon Gwamnati a Gidajen Saukar Baƙi na Birtaniya

A ƙasar Birtaniya, wanda ya rasa aiki gwamnati takan yanka masa wani abu daga baitulmali, ya ci, ya biya haya. Amma ba kowa ke da gidan da zai biya wa haya ba. Waɗansu sai su sauka a gidajen saukar baƙi, inda ake ba mutum ɗaki da karin kumallo, mai gidan kuwa matsayinsa kamar na fatoma ne a wurin fatake. Sai dai falke ya san ranar tashinsa, kuma yana da gidan komawa.

A shekarar 1982 marasa aiki a ƙasar suka haura miliyan 3. Garuruwan bakin teku irin su Margate da Blackpool kuwa masu zuwa shan iska sun ragu, sai masu masauki suka cika ɗakunansu da marasa aiki, tun da kuɗin gwamnati ba ya yankewa, ko da sanyi ko da zafi. Jaridu suka yi ta surutu, wai samari sun tafi hutawa da dukiyar jama'a.

Cikin watan Afrilu na 1985, zamanin Margaret Thatcher, minista Norman Fowler ya fito da doka. Wanda bai kai shekara 26 ba, in ba mai ciki ko mai goyo ko naƙasasshe da makamantansu ba, ba za a biya masa cikakken kuɗin masauki ba sai na mako 2 a bakin teku, mako 8 a Landan da Mancesta da Gilasgo, mako 4 a sauran wurare. In wa'adi ya cika, ko dai ya ɗauki kayansa ya nufi wata gunduma, ko a zaftare kuɗin. To, mai neman aikin da aka hana shi zama, yaushe zai san gari, balle a san shi har a ɗauke shi? Alƙalai suka hukunta cewa minista ya ƙetare iyakar ikonsa, gwamnati ta gyara rubutun ta sake kawo dokar. Sai 1989 aka kawar da wannan tsari.

Ba a nan wahalar ta ƙare ba, ta koma kan masu iyali. Tun 1977 doka ta ɗora wa hukumomin gari nauyin samar wa masu 'ya'ya matsuguni, alhali kuwa daga 1980 aka shiga sayar da gidajen hukuma ga mazaunansu, ba a gina madadinsu yadda ya kamata ba. Daga 2004 aka hana ajiye masu yara fiye da mako 6 a masaukin da ake tarayya a makewayi ko madafa, amma sau da yawa hukumomi kan zarce wa'adin don rashin inda za su kai su.

A 2024, a yankin Ingila kaɗai, gidaje fiye da 100,000 ne ke zaman wucin gadi, cikinsu da yara sama da 150,000. Akwai inda uwa da 'ya'yanta suke ɗaki guda, nan ne wurin kwana, nan wurin ci, nan yaro zai yi bitar karatunsa a kan gado. Waɗansu daga Landan aka kwashe su zuwa garuruwa masu nisa, inda haya ta fi sauƙi, makarantar yara da dangi duk suna baya.