Shin Ko Kun San Makaho Ya Tuƙa Mota a Gudun Kilomita 322?

Shin ko kun san a Ingila akwai ƙungiyar masu motocin alfarma da ke ɗaukar mutane yawo domin tara wa yara marasa lafiya da naƙasassu kuɗi? Sporting Bears ake kiranta. Tun 1989 take aiki!

Tsarin ba wuya. Mutum ya ba da gudummawa, ya nuna motar da ransa ke so. Ferrari ce? Lamborghini? Aston Martin? Sai mai motar ya buɗe masa ƙofa, su zaga kamar mil 10. Man da aka ƙona fa? Daga aljihun mai mota. Ko sisi ba ya karɓa. Da irin wannan yawo sun tara fiye da fam miliyan 2. Miliyan fa, jama'a!

Har ranaku suke warewa na yaran kansu, kyauta. Yaron da kullum yake kan keken guragu, yau ga shi a kujerar gaba, an ɗaura masa bel, inji na ruri a bayansa. Wallahi wannan ya fi burge ni da duk tsadar motocin.

To, wasu sun ce zaman gefen direba ya yi kaɗan. A miƙa sitiyarin!

Ga Nathalie McGloin. Tana 'yar shekara 16 ta karya wuya a hatsarin mota, ƙafafunta suka shanye, yatsunta ma suka yi rauni. Kun san me ta zama? 'Yar tseren mota! Porsche Cayman take ja, birki da totur duk a hannu. Ita da abokin rayuwarta Andrew Bayliss suka kafa Spinal Track, inda naƙasasshe zai shiga filin tsere ya tuƙa da kansa, ba ya biyan komai.

Yanzu ku gyara zama.

Mike Newman makaho ne, ciwon hawan jinin ido ya zo da shi duniya. Ya yi shekaru yana aikin banki. A watan Agustan 2014, a filin jirgin Elvington kusa da York, ya shiga Nissan GT-R shi kaɗai. Ba kowa a gefensa, sai murya ta rediyo tana faɗa masa dama ko hagu. Ya taka ta har ta wuce kilomita 322 a sa'a. Da wannan gudun, Kano zuwa Kaduna ba za ta ci minti 45 ba. Kun ji fa!

Kuma bai riƙe daɗin shi kaɗai ba. Shi da John Galloway suka kafa Speed of Sight, ƙungiya mai motoci na musamman. Sitiyari biyu kowacce take da shi: ɗaya na makaho ko naƙasasshe, ɗaya na malamin tuƙi da ke zaune a gefe. Yara ma suna tuƙawa!

An karya tarihin gudun da Newman ya kafa kuwa? An karya. Dan Parker, Ba'amurke, ya makance a hatsarin tsere ranar 31 ga Maris 2012. Da tallafin ƙungiyar makafi ta Amurka, ya ja Corvette a jihar New Mexico, na'ura na yi masa jagora da sauti a kunne. Ya haura kilomita 339 a sa'a. Wace rana? 31 ga Maris 2022. Shekara 10 cif!