Hasken Waya: Jan Yatsa ko Barin Waya Ta Zaɓa?

Duk mai kallon fim a waya da MX Player ko VLC ya san dabarar nan: ka ja yatsa sama ta gefen hagu, haske ya ƙaru, ka ja ƙasa ya ragu. Gefen dama kuwa na murya ne. Akwai kuma hasken da waya ke daidaitawa da kanta, da taimakon ɗan ma'aunin da ke kusa da kyamarar gaba. Tun daga Android 9, wanda ya fito a 2018, har koyon ɗabi'ar mai ita take yi, tana lura da lokutan da yake ƙarawa da ragewa.

Ma'aunin nan yana hutar da mutum. Wanda ya taɓa rage haske da dare, gari ya waye ya fito cikin rana yana lalube a fuskar waya baƙa ƙirin, ya san darajarsa. A kira da karanta saƙo da zirga-zirgar yini, babu kamarsa.

Sai dai hasken wurin da kake zaune yake aunawa, bai san abin da ke cikin fim ba. In aka zo fitowar da aka ɗauka cikin duhu, fuskokin 'yan wasa suka dushe, ko gezau ba zai yi ba. A nan yatsa ya yi masa fintinkau. Ba sai ka tsayar da kallo ka shiga saiti ba, kuma da zarar ka fita daga manhajar, hasken ya koma yadda yake. Ga batun caji: fuskar waya na cikin abubuwan da suka fi shan batir. A inda ake yawan ɗauke wuta, sai an biya kuɗi a shagon caji, rage haske da hannu tattali ne na gaske.

Aibin jan yatsa shi ne ɓoyayye ne, ba shi da alama. Dattijuwa na riƙe da waya, babban yatsanta ya goga gefen, hoto ya dushe, sai ta ɗauka wayar ce ta lalace. Maɓallin kulle da manhajojin suka tanada yana maganin wannan, amma sai wanda aka nuna wa.

Ni dai a ganina, a bar wa ma'auni hidimar yini, a bai wa yatsa lokacin kallo, domin mai ido shi ya san abin da idonsa ke iya ɗauka. Kuma duk wanda ya saka wa iyayensa manhajar kallo, ya zauna ya koya musu jan yatsa da kullewa kafin ya miƙa musu wayar.