Zazzaɓin Da Ya Ƙi Ci Ya Ƙi Cinyewa: Daga Zuciya A Leƙa Hanji

A garuruwanmu na bakin tafkin Kainji, daga Yelwan Yauri zuwa Ngaski da Shanga, kowane zafin jiki zazzaɓin cizon sauro ne a wurinmu. In ya ƙi jin magani mu ce taifot, mu koma kemis. Amma akwai zazzaɓin da ke jan makonni, da gumin dare, da rama, da haki, wanda tushensa yana cikin zuciya.

Zuciya tana da ƙofofi huɗu masu marufi, waɗanda ke hana jini komawa baya. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini, sukan maƙale a marufin su yi gida, su riƙa cinsa. Maganinsa allurai ne ta jijiya, na mako 4 zuwa 6. In an yi sakaci, yana kisa.

To, ina ruwan zuciya da hanji? Tun 1951 likitoci suka fara lura da alaƙar. A 1977 Dokta Robert Klein da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wata ƙwaya mai suna Streptococcus bovis ta fi yawa a hanjin masu ciwon daji na babban hanji. Inda tsiro ya raunana bangon hanjin, nan take samun kafar shiga jini, ta sauka a zuciya. Sau da yawa ciwon zuciyar ne ke tona asirin tsiron da bai fara damun mai shi ba tukuna.

Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce, duk wanda aka sami wannan ƙwaya a jininsa, a leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara. Tsiron kan yi shekaru kafin ya zama daji, in an gan shi da wuri ana cire shi.

Mu da ke zaune bakin ruwa mun saba ganin jini a bayan gida mu ce basir ne ko atuni. Kada mu yanke wa kanmu hukunci, musamman wanda ya haura shekara 45. Zazzaɓi ya wuce mako biyu, mu kai majinyaci Babban Asibitin Yauri, mu roƙi a gwada jininsa kafin ya ƙara shan ƙwaya, domin maganin kemis yana ɓoye cutar ga masu gwaji. In an tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mu taimaka wa juna da kuɗin mota mu tafi. Tun da zafi akan bugi ƙarfe.