3.4 Na'urar Sauya Giya Mai Bel a Jikin Keke Mai Inji

A wannan fasali za a yi bayani ne a kan na'urar da bakanikai ke kira tok kwambata, wato na'urar da ke sauya giya da kanta ta hanyar bel, da kuma abin da kan biyo baya idan an ɗaura ta a keken da aka sa wa ƙaramin inji. An fi yin wannan haɗi a ƙasar Amurka, inda ake samun injuna irin su Honda GX200 da Predator 212, masu ƙarfin doki 6.5. Sanannen samfuri shi ne TAV2 na kamfanin Comet, wanda asalinsa an ƙera shi ne don ƙananan motocin wasa da ƙananan babura. Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya fito da mota mai irin wannan giya a 1958, haka kuma wasu samfuran babur ɗin Peugeot 103, wanda ya fito a 1971 ya kuma yaɗu a Afirka ta Yamma, da ita suke tafiya.

Na'urar ta ƙunshi fuli biyu da bel ɗaya. Kowane fuli faranti biyu ne masu fuskantar juna, bel yana zaune a tsakaninsu. Fulin gaba yana kan sandar inji, a cikinsa kuma akwai ƙarafa masu nauyi waɗanda sifirin ya riƙe. Idan inji yana silo, farantan a buɗe suke, bel bai kama ba, keke na tsaye. Da zarar an murɗa totur, juyin inji ya kai kimanin 2,200 a minti, sai ƙarafan nan su buɗe su tura faranti ɗaya ya matse bel. Gwargwadon ƙaruwar juyi, gwargwadon hawan bel zuwa bakin fulin gaba, yana kuma nutsewa cikin na baya. Ke nan giya ta tashi daga mai ƙarfi zuwa mai gudu ba tare da an taɓa komai ba. In an zo hawa ko kaya sun yi nauyi, sifirin da ke fulin baya ya sake matse farantansa, giya ta koma ƙasa.

A nan ne ta fi kulocin da aka saba sa wa irin waɗannan kekuna, mai giya ɗaya tak. Mai wannan kuloci dole ya zaɓa, ko ƙarfin tashi ko gudu. Ita kuwa TAV2 tana farawa ne da juyin inji kusan 2.7 a kan juyi ɗaya na fulin baya, ta ƙare a 0.9. Saboda haka keke na iya tashi da buhun hatsi a baya ba sai an taimaka da feda ba.

Sai dai a ganin mai wannan bincike, wurin da aka fi yin kuskure shi ne lissafin haƙoran faranti. Misali, a ɗauki keke mai taya inci 26, wadda zagayenta ya kai mita 2.07. Idan inji na juyi 3,600 a minti, fulin baya zai yi 4,000 a babbar giya. Da ƙaramin faranti mai haƙori 10 da na taya mai haƙori 60, taya za ta yi juyi 667 a minti, wato kimanin kilomita 83 a awa. Ko an ƙara haƙoran zuwa 72, gudun bai sauka ƙasa da kilomita 69 ba. Birkin roba da siraran wayoyin tayar keke kuwa ba a yi su don wannan ba. Wani abin kuma, wanda ya bar giya da tsawo haka yana yawo a hankali cikin gari, bel ɗinsa zai yi ta santsi yana zafi har ya ƙone. Shi ya sa masu lura kan ƙara wata sanda a tsakani don sake rage juyi kafin sarƙa ta kai ga taya, su kuma canza birki zuwa mai faifai.

Akwai kuma matsalar faɗi. Na'urar takan turo waje ta gefen hagu, har sai an sa feda mai faɗi kafin ƙafa ta zagaya.

Dangane da kulawa, bel ɗin TAV2 gefensa ɗaya a miƙe yake, ɗayan a karkace, kuma miƙaƙƙen ne ke fuskantar inji. In aka juya shi, nan da nan ya cinye. Ba ya son mai ko giris ko kaɗan. Ƙura da yashi ma suna cin sa, suna kuma hana faranti motsi a kan sandarsa, don haka duk wanda zai bi hanyar burji bai kamata ya cire murfin na'urar ba, ko da ya ga tana zafi.